Mudu Ɗaya Ga Kowa: Yadda Za A Gyara Shafukan Intanet Na Gwamnati Domin Masu Buƙata Ta Musamman

Duk wanda ya taɓa zama a shagon kafe a makon da aka buɗe shafin ɗaukar ma'aikata ya ga irin wannan. Makaho ya shigo da ɗan jagoransa, ya zauna gefen yaron shago, ya fara karanto masa lambar NIN da ranar haihuwa da lambar waya, har da kalmar sirrin imel. Mutumin nan fa yana da waya a aljihu mai karanta masa saƙonni, yana hira a WhatsApp, wataƙila ma ya fi yaron shagon zurfin karatu. Abin da ya kawo shi ɗaya ne: fom ɗin gwamnati ya ƙi yi wa wayarsa magana. Ya taɓa gurbi na farko, ta ce "akwatin rubutu". Ya taɓa na biyu, ta sake cewa "akwatin rubutu". Wanne ne na suna, wanne ne na ƙaramar hukuma? Allah masani. Sai ya biya kuɗi, ya kuma damƙa sirrinsa a hannun wanda bai sani ba.

Wanda ya gina shafin ba mugu ba ne. Babu dai wanda ya taɓa ce masa ga ma'aunin da za a auna aikinsa da shi. Kowace ma'aikata da ɗan kwangilarta, kowane ɗan kwangila da salonsa, kamar kasuwar da kowace mai awo ta zo da mudunta daga gida. A irin wannan kasuwa mai saye ne ke kwana a ciki. Maganin kuwa tun kakanni an san shi: sarkin kasuwa ya fito da mudu ɗaya, kowa ya auna da shi. Jagoran nan na daraktocin sashen kwamfuta ne, da jami'an ba da kwangila, da matasan da ke gina shafukan, da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman da ke son sanin abin da za su nema idan sun shiga ofis.

Mataki na farko: ku ɗauki mudun da duniya ta riga ta sassaƙa

Kada a kafa kwamiti a ce ya ƙirƙiro ƙa'idoji daga tushe. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994 don tsara yadda shafukan intanet ke aiki, ta daɗe da yin wannan wahalar. Kundinta na ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da shafuka ana kiransa WCAG. Na farko ya fito a 1999, na 2.0 a 2008, na 2.1 a 2018, na 2.2 kuma a watan Oktoban 2023. Kyauta ne, kowa na iya karantawa.

Kundin ya tsaya a kan tambayoyi huɗu. Shin mutum zai iya tsinkayar abin da ke shafin, ta ido ko ta kunne ko ta taɓawa? Zai iya sarrafa shi ko da hannunsa bai riƙe linzamin kwamfuta ba? Zai fahimci abin da ake nufi? Shafin zai yi aiki da manhajojin da nakasassu ke dogaro da su? Sannan an kasa sharuɗɗan hawa uku: A, da AA, da AAA. Hawan A shi ne wanda in babu shi ƙofa a rufe take ruf. AAA ya yi tsauri, har W3C da kanta ba ta ba da shawarar a wajabta shi a kan shafi gaba ɗaya ba. Gwamnatoci a tsakiya suke tsayawa.

Tarayyar Turai ta yi dokarta a 2016, ta ba hukumomi wa'adi a jere: sababbin shafuka zuwa Satumban 2019, tsofaffi zuwa Satumban 2020, manhajojin waya zuwa Yunin 2021. Birtaniya ta yi tata a 2018. Amurka tana da sashe na 508 na wata dokarta kan nakasassu da ya ɗaure hukumomin tarayya, kuma a Afrilun 2024 Ma'aikatar Shari'arta ta wajabta WCAG 2.1 hawan AA a kan jihohi da ƙananan hukumomi. Duk mudu ɗaya suka ara. Shawarata ga wanda zai fara yau ita ce ya rubuta WCAG 2.2 hawan AA, domin wanda ya cika wannan ya cika na baya, kuma sababbin kundayen sun fi kula da mai shiga ta waya, wanda a wajenmu shi ne kusan kowa.

Mataki na biyu: ku sa wa ma'aunin haƙora

Ma'aunin da ke kwance a durowa ado ne. Madogara ta shari'a tana nan. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu ta 2006, a sashe na 9, ta ambaci intanet da sunanta. Nijar ta amince da ita a 2008, Najeriya a 2010. Najeriya tana da dokar haramta nuna wa nakasassu bambanci ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, aka kuma kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Dokar ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su samar da hanyar keken guragu. To yau rabin ofishin gwamnati ya koma cikin waya, matakalar da ke hana mutum shiga ta koma fom.

Amma in kun tambaye ni inda haƙoran suke da gaske, zan ce a takardar kwangila. Ɗan kwangila ba ya karanta yarjejeniyar duniya, yana karanta sharaɗin biyan kuɗi. A sa abu uku a kowace kwangilar gina shafi ko manhaja. A ambaci ma'aunin da lambarsa da hawansa, ban da kalamai masu santsi irin su "shafin zai dace da kowa". A ce ba za a biya kason ƙarshe ba sai wani wanda ba shi ya yi aikin ba ya gwada ya sa hannu. A kuma ce duk aibin da aka gano cikin wa'adin kulawa, ɗan kwangila zai gyara da kuɗinsa. A matakin tarayya akwai ƙofar da ta dace da wannan: NITDA, hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, ce ke kula da adireshin .gov.ng, ita ce kuma ke tantance ayyukan fasahar sadarwa na ma'aikatu. A jiha, takardar umarni ɗaya daga ofishin shugaban ma'aikata ta isa a fara.

Mataki na uku: ku ƙirga abin da kuke da shi

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ku jera duk shafuka da manhajoji, har da waɗanda aka gina don wani shiri aka manta da su. Na banza a rufe. Sauran a jera su bisa yawan masu buƙata: neman aiki, biyan haraji, rajistar jarrabawa, tallafin karatu, fansho. Shafin tarihin ma'aikata da hoton kwamishina zai iya jira.

Mataki na huɗu: gwajin rabin sa'a

Kafin a kira ƙwararre, kowane ma'aikaci zai iya yin wannan da kansa, kuma ina so daraktan ya yi da hannunsa, domin gani ya kori ji.

Ku ture linzami gefe. Da maɓallin Tab kaɗai ku bi shafin daga sama zuwa ƙasa, Enter na buɗewa. Kuna ganin inda kuke a kowane lokaci, ko alamar ta ɓace? Kun iya buɗe jerin zaɓi? In wani akwati ya faɗo a tsakiyar allo, kun iya rufe shi, ko kun maƙale? Haka mai shanyewar hannu ko mai karkarwa yake bi kullum, haka ma makaho.

Sannan ku ƙara girman rubutu zuwa kashi 200 cikin ɗari. In kalmomi suka hau kan juna ko maɓallin aikawa ya ɓuya, shafin ya faɗi. Daga nan ku kunna manhajar karanta allo. A wayar Android sunanta TalkBack, a iPhone VoiceOver, duk suna cikin wayar tun daga kamfani. A kwamfuta akwai NVDA, kyauta ce. Ku rufe ido ku cika fom ɗinku. Minti biyar na farko za ku ji haushin manhajar, wannan rashin sabo ne. Abin da ya rage bayan nan haushin shafinku ne.

A ƙarshe ku bi da manhajojin bincike irin su WAVE ko axe ko Lighthouse. Suna da amfani, amma su san matsayinsu: suna iya gane hoto ba shi da bayani, ba sa iya gane bayanin shirme ne. Cibiyar WebAIM da ke Amurka tana auna shafukan farko guda miliyan ɗaya duk shekara, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari ana samun su da aibi. Abin lura shi ne aibobin ba sa canzawa: rubutu mai dishi-dishi, hoto marar bayani, gurbin fom marar suna, mahaɗi ko maɓalli fanko, da rashin faɗin harshen shafi. Duk ƙananan gyare-gyare ne.

Mataki na biyar: gyaran kansa

A nan aikin yake, a nan kuma zan daɗe.

Mu fara da fom, tunda shi ya kai mutuminmu kafe. Kowane gurbi yana buƙatar suna da aka ɗaure masa a cikin rubutun HTML, harshen da ake gina shafi da shi, da alamar label. Rubutun toka-toka da ake sawa a cikin gurbin, wanda ke ɓacewa da an fara rubutu, ba ya maye gurbin wannan. In mutum ya yi kuskure, a faɗa masa da kalmomi: "Lambar waya ta zama lamba 11, kun rubuta 10." Jan layi kawai ba ya gaya wa makaho komai, ba ya kuma gaya wa wanda idonsa ba ya bambance ja da kore. Kada a share abin da ya riga ya cika saboda kuskure ɗaya, kada kuma a sake tambayarsa abin da ya bayar a shafin baya. In fom yana da wa'adi, a gargaɗe shi kafin lokaci ya ƙare, a ba shi aƙalla daƙiƙa 20 ya nemi ƙari. Wanda ke rubutu da yatsa ɗaya ko da sanda a baki ya san darajar wannan, haka ma duk wanda sabis ya taɓa yanke wa a tsakiyar rajista.

Sai jarrabawar nan ta karkatattun haruffa da ake cewa a kwafa don a tabbatar mutum ne. Ga makaho wannan katanga ce. A samar da wata hanya, ko a koma dabarun tantancewa da ba sa tambayar mai shiga komai. A kuma bar mutane su liƙa kalmar sirri daga ma'ajiyarsu. Hana liƙawa ba ya ƙara tsaro, wahala kawai yake ƙarawa.

Hotuna: kowane hoto mai ɗauke da ma'ana a rubuta masa bayani a gurbin alt. Bayanin ya faɗi abin da mai ido zai ɗauka daga hoton, a taƙaice. Hoton ado a bar gurbinsa fanko don manhaja ta tsallake shi. Babbar cutarmu a nan ita ce sanarwar da ake zanawa a hoto, da ranar rufe rajista da sharuɗɗa duk a ciki, a ɗora a shafi da Facebook a tafi. A kunnen makaho wannan sanarwa ba ta fito ba. Ƙanwarta ita ce takardar da aka buga, aka sa hannu da hatimi, aka ɗauki hotonta aka mayar PDF. Na san dalilin: hatimi ne ke sa a yarda takarda ta gaskiya ce. To a ɗora mai hatimin, amma a zuba rubutun a shafin kansa, a matsayin rubutu. Ko mai ƙaramar waya da ragowar data zai gode.

Kanun rubutu su zama na gaske, h1 da h2 da h3 a jere, domin da su mai manhajar karatu ke tsalle daga sashe zuwa sashe kamar yadda mai ido ke waiga shafi. Ƙara wa layi kauri da girma ba ya mayar da shi kai. Mahaɗi kuma ya faɗi inda zai kai mutum. Shafin da ke da "latsa nan" guda goma sha biyu, in manhaja ta jero su, kamar unguwa ce da kowane gida aka rubuta masa "gida". A rubuta "Sauke fom ɗin tallafin karatu".

Launi yana da lissafi. Bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1, manyan haruffa kuma 3 bisa 1; akwai manhajojin aunawa kyauta. Shafukanmu na son kore da fari, don kishin tuta. Koren tuta a kan fari yana gab da iyaka, da an ɗan haskaka shi ya faɗi. Ruwan ɗorawa a kan fari kuwa ba a ma maganarsa. Maɓallan taɓawa kada su gaza ɗigon allo 24 a tsaye da kwance, ko a bar tazara tsakaninsu. Hotunan da ke zagayawa da kansu a saman shafi a sa musu maɓallin tsayarwa. Kada wani abu ya yi walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa ɗaya, domin yana iya tayar wa mai farfaɗiya da ciwonsa.

Bidiyo yana buƙatar rubutun abin da ake faɗa a ƙasansa, wanda mutum ya duba ya gyara, musamman in da Hausa ake magana. Fassara da maganar hannu tana hawan AAA, wato ba dole ba ce a ma'aunin, amma a nan zan ce a wuce ma'auni. Kurame da yawa a ƙasar Hausa maganar hannu ce harshensu na farko, rubutu na biyu. Sanarwar annoba ko ta zaɓe ko ta ambaliya ta cancanci tafinta a gefen allo. Sai a tambayi kuramen yankin wace suka fi ganewa, domin maganar hannu ta gargajiya da ake yi a Kano daban take da wadda ake koyarwa a makarantu, mai tushe daga Amurka.

Harshe: a saman kowane shafi a faɗi harshensa. Na Hausa lang="ha", na Ingilishi "en", na Faransanci "fr". Da wannan manhaja ke sanin muryar da za ta ɗauko in tana da ita. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, a rubuta su da Unicode, tsarin haruffa na bai ɗaya da na'urori ke ganewa, a zaɓi salon rubutun da ke ɗauke da su, a kuma tabbatar gurbin suna yana karɓarsu. Ɗanladi da Ɗahiru da Ƙasimu kada fom ya ce musu sunansu kuskure ne. Rubutun kansa a sauƙaƙa shi. Turancin takardar ofis mai jimla ɗaya layi shida yana wahalar da mai raunin fahimta, yana wahalar da kowa.

Mataki na shida: a gina sau ɗaya, kowa ya ɗiba

In ma'aikatu arba'in za su gyara gurbin kwanan wata kowace da kanta, an yi aiki ɗaya sau arba'in, talatin kuma za su yi shi ba daidai ba. Birtaniya ta haɗe shafukanta a GOV.UK tun 2012, ta kuma tara kayan gini na bai ɗaya: maɓalli, gurbin adireshi, saƙon kuskure, duk an gwada su da nakasassu, kowace hukuma tana ɗiba. Amurka ta fito da irin nata a 2015. Duka biyun a buɗe suke, ana iya duba yadda aka ƙera su a kwaikwaya.

Jiha ɗaya za ta iya yin nata da ƙaramar tawaga. Abin da ake buƙata bai wuce kan shafi da ƙasansa ba, da jerin zaɓi, da tebur, da gurabun da kowane fom ɗinmu ke tambaya: NIN, lambar waya, jiha da ƙaramar hukuma. Daga nan sai a rubuta a kwangila cewa da waɗannan za a yi gini. Ribar ta wuce ta kuɗi. Makahon da ya koyi fom ɗin haraji ya riga ya koyi na fansho.

A nan ne zan ja kunne kan wata haja. Akwai kamfanonin da ke sayar da ɗan maɓalli mai hoton keken guragu da ake maƙalawa a gefen shafi, su ce layi ɗaya zai gyara komai. A 2025 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta sa ɗaya daga cikinsu biyan dala miliyan 1 kan irin wannan iƙirari. Fenti ba ya gyara katangar da ta tsage.

Mataki na bakwai: masu abin su gwada

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shafi na iya cika kowane sharaɗi a takarda, ya kuma gagari mutum. Ku nemi masu gwaji ta JONAPWD, haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman ta ƙasa, da rassanta na jihohi, da ƙungiyoyin makafi da na kurame, da makarantun ilimi na musamman, da ɗaliban jami'a masu amfani da manhajar karatu kullum. A haɗa har da zabiya masu raunin gani da dattawan da ke karɓar fansho. Mutum biyar ko shida masu larura daban-daban za su tono abin da ba ku zata ba.

Ku ba kowa aiki na gaske, misali ya nemi tallafin karatu daga farko har ya sami lambar shaida, a kan wayarsa ta kullum. Ku zauna ku yi shiru. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi ku nuna masa inda zai taɓa. Ku daure, ku rubuta inda ya tsaya. Sannan a biya su kuɗin aiki da na mota, kamar yadda ake biyan kowane mai ba da shawara. Ba sadaka suka zo karɓa ba, ƙwarewa suka kawo.

Mataki na takwas: sanarwa, ƙofar koke, da bibiya

Dokar Turai ta wajabta wa kowane shafin hukuma ya ɗauki sanarwa mai faɗin matsayinsa: ma'aunin da yake bi, sassan da ba su cika ba tukuna, da inda za a kai kuka. Wannan ya cancanci aro. A rubuta gaskiya, har da "takardunmu na kafin bana hotuna ne, ga lambar da za ku nema a aiko muku da rubutu". A ba da hanya fiye da ɗaya, domin lambar kira kaɗai ba ta amfanar kurma: a haɗa da saƙon tes da imel. A sa sunan muƙamin da ke da alhakin amsawa da adadin kwanakin da zai amsa.

Koke yana da tasiri in akwai mai sauraro. A shekarar 1999 wani makaho ɗan Ostareliya, Bruce Maguire, ya kai ƙarar masu shirya gasar Olamfik ta Sidni saboda shafinsu ya gagare shi, a 2000 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar ta ba shi gaskiya, aka ce a biya shi dalar Ostareliya 20,000.

Abin da ke rusa aiki bayan an gama shi ne ɗora kaya na yau da kullum. An karɓi shafi lafiya, bayan wata uku jami'in yaɗa labarai ya cika shi da sanarwar hoto. Don haka horon wuni ɗaya ga masu ɗora labarai ya fi muhimmanci a kan taron ƙaddamarwa: yadda ake rubuta bayanin hoto, yadda ake sa kanu, yadda ake fitar da PDF daga Word maimakon na'urar ɗaukar hoto. In an yi wa jami'in canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi ma a horar da shi. Hukumar da ke riƙe da mudun kuma ta ɗebi wasu shafuka duk shekara ta auna, ta buga sakamakon da sunan kowace ma'aikata, ta aika wa kowane babban sakatare nasa kwafin tare da ranar da za a dawo a sake aunawa.